Kafin ka sayi talabijin mai 4K, ɗauko tef ɗin awo

Ana yawan yi mini wannan tambaya, kusan da kalmomi iri ɗaya: "Talabijin ɗina lafiyarsa ƙalau, amma na ga mai 4K a shago ya ɗauke mini hankali. In saya ko in haƙura?" Wasu kuma sun riga sun saya, sun kai gida sun kunna, sai suka ga hoton bai kama ƙafar wanda suka gani a shago ba, suna tambaya ko cutarsu aka yi. Yawanci babu wanda ya cuce su. Daga shago suka fara, alhali daga falonsu ya kamata su fara.

Abin da ake kira 4K, ko UHD, ko Ultra HD, allo ne mai ɗigon hoto 3840 a kwance da 2160 a tsaye, wato ɗigo miliyan 8 da 'yan kai. Full HD yana da 1920 da 1080, miliyan 2 da ɗoriya. Ninki huɗu ke nan, kuma wannan gaskiya ne. Ko idonka zai ga wannan ninkin daga inda kake zama, da irin abin da kake kallo, shi ne abin da matakan nan za su warware maka. Ka tanadi tef ɗin awo, takarda da biro, wayarka, da filash guda ɗaya.

Mataki na 1: Auna nisan zamanka

Je ka zauna a kujerar da ka saba zama in za ka yi kallo, ba wadda ta fi kusa da talabijin ba. A riƙe maka bakin tef daidai inda fuskar talabijin za ta tsaya, ka jawo shi zuwa idonka, ka rubuta santimita nawa ne.

Ido yana da iyaka. Mai lafiyar ido, da zarar nisansa da allo ya wuce ninki uku da ɗan wani abu na tsayin allon, ɗigon Full HD sun narke masa cikin juna, ba ya iya rarrabe su. Daga nan ko ɗigo nawa aka ƙara, ido bai san an yi ba.

Ga lissafin a sauƙaƙe: raba santimitar da ka rubuta gida 4. Abin da ya fito shi ne mafi ƙanƙantar inci da zai fara nuna maka bambancin 4K da Full HD. In nisanka mita 2.2 ne, inci 55. In mita 2.6 ne, inci 65. In mita 3 ne, sai inci 75. Mai inci 43 kuwa sai ka matso kusa da mita 1.7. Ka lura, "fara gani" na ce. Cin moriyar 4K gaba ɗaya sai a rabin wannan nisa, wato kimanin mita 1.1 ga mai inci 55, kuma ban cika ganin wanda ke zama haka a falo ba, in ba yaro da aka hana shi ya ƙi ji ba.

Don haka wanda ke zama mita uku da rabi daga bango ya sayi mai inci 43 saboda an rubuta 4K a kwali, ya biya kuɗin ɗigon da ba zai taɓa gani ba. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma tef kaɗai ke maganinsa.

*Hattara:* incin talabijin daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi, ba faɗi ba. Faɗin mai inci 55 ya kai santimita 122, mai 65 ya kai 144, mai 75 kuwa 166. Ka auna teburin ma, domin da yawansu ƙafafunsu a can gefe da gefe suke, teburin da ya ɗauki tsohon ba lallai ya ɗauki sabon ba.

Mataki na 2: Rubuta abin da gidanka ke kallo

Ka ɗauki mako guda kana rubutawa: me aka kalla, daga ina ya fito, awa nawa. Kada ka rubuta abin da kake burin kallo, wanda aka kalla ɗin za ka rubuta.

Talabijin ba ya ƙago abin da ba a aiko masa ba. Yawancin tashoshin da ke zuwa ta dikoda ko eriya ba su kai 4K ba. Masu kyawun cikinsu hoto mai ɗigo 720 ko 1080 a tsaye suke watsawa, da yawa ma ƙasa da haka. Faifan DVD ɗigonsa 720 ne da 576, ko 720 da 480. Inda ake samun 4K na gaske ba su da yawa: wasu bidiyon YouTube, fina-finan Netflix ga mai biyan tsarinsu mafi tsada, Prime Video, Disney+, faifan Ultra HD Blu-ray da ya fito a 2016, na'urorin gem irin PlayStation 5 da Xbox Series X, kwamfuta mai ƙarfi, sai bidiyon da ka ɗauka da wayarka in tana ɗaukar 4K.

To me ke faruwa in aka ba allon 4K ƙaramin hoto? Miƙa shi yake yi ya cike gurbi da kintace. In hoton 1080 ne, aikin ba wuya, kowane ɗigo ya zama huɗu, kuma yakan fito tsaf. In na DVD ne ko tasha mai rauni, cikin kowane ɗigo 20 da kake gani, ɗaya ne na asali, sauran 19 talabijin ne ya ƙirƙira. A nan asiri ke tonuwa. Fuskar mai karanta labarai ta yi sumul kamar ta roba, rubutun da ke wucewa a ƙasa ya yi gashi-gashi, ciyawar filin ƙwallo ta dame da zarar kyamara ta juya. Tsohon ƙaramin talabijin ɗinka yana ɓoye waɗannan aibobi, babban allo kuwa baje su yake yi.

Ba kuma duk fim ɗin da aka maƙala wa 4K ba ne aka haɗa shi a 4K. Da yawa a 2K, wato kusan Full HD, aka kammala aikinsu, aka miƙa daga baya. Ba laifi ba ne, sukan yi kyau, amma kada lambar ta ruɗe ka.

Mataki na 3: Gwada intanet, sannan ka lissafa data

In ta intanet za ka riƙa samun 4K ɗin, tsaya daidai inda talabijin zai zauna, ka buɗe fast.com ko manhajar Speedtest a wayarka, a kan Wi-Fi ɗin gidan. Ka yi gwajin da daddare lokacin da kowa ya hau, kwana uku a jere. Netflix na neman megabit 15 a daƙiƙa don 4K, YouTube na neman 20, kuma na talabijin kaɗai ke nan, ban da wayoyin sauran mutanen gida. In gudun yana hawa yana sauka, manhajar da kanta za ta rage hoton zuwa 1080 ko 720 ba tare da ta sanar da kai ba.

Sai maganar data, wadda mutane ke tsallakewa. A lissafin Netflix, 4K na iya cin har gigabait 7 a awa, HD kuwa har 3. Kallon awa biyu kullum na wata guda zai iya lashe gigabait 420, maimakon 180. In intanet ɗinka mara iyaka ne, ba damuwa. In kuwa a ƙididdige kake saye, ka ninka da farashin da kake biya, ka kalli adadin da kyau. Na san waɗanda bayan wata ɗaya suka mayar da saitin 720 da hannunsu, suka ci gaba da kallon 720 a allon 4K har yau.

*Hattara:* megabit daban, megabait daban. Bit takwas ne ke yin bait ɗaya. Kamfanonin intanet da megabit suke talla.

Mataki na 4: Yanke hukunci kafin ka fita

In talabijin ɗinka Full HD ne mai lafiya, nisanka ya wuce lissafin Mataki na 1, kuma takardarka cike take da tashoshin dikoda, ajiye kuɗinka. Ko ka sayi sifika mai kyau, za ka fi jin sauyi.

In naka ya mutu, ko kana son ƙara girma zuwa inci 50 ko fiye, tambayar ma ta faɗi da kanta, domin kusan duk sabon talabijin mai wannan girma 4K ne, ko ka so ko ka ƙi. Abin da ya rage shi ne wanne. In ƙarami kake nema na ɗakin kwana, inci 32, Full HD ya wadatar. Sai dai ka duba, da yawa masu wannan girman 1366 da 768 ne kawai.

Mai 8K kuwa, ɗigo miliyan 33, ka bar shi inda ka gan shi. Abin kallonsa bai taka kara ya karya ba.

Mataki na 5: Zuba kuɗinka a haske da baƙi, ba a yawan ɗigo ba

Wannan matakin ya fi sauran nauyi a wurina. Ka jera talabijin biyu masu 4K, ɗaya mai araha ɗaya mai tsada, yawan ɗigonsu ɗaya ne cif. Abin da ya raba su shi ne yadda fari ke haskawa, yadda baƙi ke yin baƙi ƙirin, da zurfin launi. Wannan kuwa ko daga ƙarshen falo ido na gani, babu ruwansa da tef.

Fasahar da ke fito da shi ita ce HDR. Matsalar ita ce kusan kowane kwali an buga masa HDR, amma a masu araha ma'anarsa kawai talabijin ɗin ya gane saƙon, ba wai yana da hasken nuna shi ba. Da nit ake auna hasken allo. A ma'aunin Ultra HD Premium da ƙungiyar UHD Alliance ta fitar a 2016, allon LCD sai ya kai nit 1000, OLED kuma 540 saboda baƙinsa ya fi zurfi. Masu araha da yawa a wajen 300 suke tsayawa. In ka kunna musu fim mai HDR, sai hoton ya dushe, wurin dare ya koma toka-toka, har ya fi na da muni. Araha ba ta ado. Ka nemi adadin nit ɗin samfurin da kake so a wurin masu gwajin talabijin a intanet, domin ba kasafai ake rubuta shi a kwali ba.

Game da nau'in allo, sunayen sun fi abin yawa. Wanda ake kira LED, allon LCD ne da fitilu a bayansa. QLED shi ma LCD ne, an ƙara masa wani shimfiɗi mai ƙara kaifin launi. Mini-LED fitilunsa ƙanana ne birjik, an kasa su yanki-yanki, inda hoto ke da duhu su rage haske, inda ke da haske su ƙara. Wannan rage hasken yanki-yanki shi ne abin nema a kowane LCD. OLED ne kaɗai ya fita daban: kowane ɗigo da haskensa, inda hoto ke baƙi ɗigon ya kashe haskensa gaba ɗaya, shi ya sa baƙinsa ba na biyu. Ɗaki mai duhu da kallon fim da dare, OLED. Falo mai tagogi da kallon rana, Mini-LED mai haske sosai.

In mutane da yawa ke kallo, wasu daga gefe, tambayi ko allon LCD ɗin nau'in VA ne ko IPS. VA ya fi baƙi mai kyau amma launinsa na koɗewa daga gefe; IPS ya fi riƙe launi daga gefe amma baƙinsa fari-fari ne.

*Hattara:* OLED ba ya son hoton da ke tsaye wuri ɗaya. In tashar labarai ɗaya ake bari kunne daga safe zuwa dare, tambarinta na iya barin inuwa a allon har abada. Haka kuma HDR iri-iri ne: HDR10 kowa na da shi, HLG na tashoshi ne wanda BBC da NHK ta Japan suka haɗa, sai Dolby Vision da HDR10+. Samsung ba ya sa Dolby Vision, HDR10+ yake sawa. Ba abin fasa ciniki ba ne, amma gara ka sani.

Mataki na 6: Leƙa bayansa

Ƙirga ramukan HDMI, inda ake jona dikoda ko na'urar gem, ka karanta abin da aka rubuta a gefen kowanne. HDMI 2.0 na ɗaukar 4K a hoto 60 cikin daƙiƙa, kuma ya ishi fim, ƙwallo da YouTube. Mai buga gem da PlayStation 5 ko Xbox Series X ne ke buƙatar HDMI 2.1 mai ɗaukar 120, tare da allon da ainihin gudunsa 120Hz ne. Shi ma kada ya tsaya ga lambar 2.1 kawai, ya nemi inda aka rubuta 4K 120Hz ƙarara. Talabijin da yawa rami biyu ne kacal ke da wannan, ɗayansu kuma shi ne na eARC da ake jona sifika.

*Hattara:* manyan lambobin gudu da ake bugawa a kwali da sunaye masu daɗi, 240 ko 400, na talla ne. Ainihin gudun allo yawanci 50 ko 60 ne, ko kuma 100 ko 120. Shi za ka tambaya.

Mataki na 7: Yi gwajinka a shago, ba nasu ba

Ka san bidiyon nan da suke sawa: tsuntsu mai launi bakwai yana juya kai a hankali, ruwa na gangarowa daga dutse, birni da daddare fitilu na ƙyalli. An zaɓe shi ne don ba ya motsi da sauri, an adana shi da nauyin da babu intanet ɗin da zai kawo maka irinsa, an kuma ƙure wa talabijin haske a saitin shago. Kai kuma kana tsaye taku ɗaya daga allon. Dole ya burge ka.

Ciro filash ɗinka. Ka zo da abu uku a ciki: guntun bidiyo irin wanda ka fi kallo, ko da mai rauni ne, wani wuri mai duhu daga fim, da guntun wasan ƙwallo. Ka roƙi a ba ka rimot, ka fitar da talabijin daga saitin shago, ka ja baya daidai nisan da ka auna a gida. A wurin duhun, duba kusurwoyi huɗu ko haske na tsiyayowa. A ƙwallon, bi ƙwallon da ido ka ga ko tana jan jela. Ka taka zuwa gefe ka ga launi. Sannan ka shiga manhajojinsa ka fita sau biyu uku. Wanda ke jan ƙafa yana sabo, bayan shekara biyu sai ka yi ta danna rimot kana tsaki. Mai shagon da ya hana ka wannan gwaji ya ba ka amsa.

Mataki na 8: Haɗa kuɗin da ba a rubuta a kwali ba

Kafin ka biya, ɗora waɗannan a kan farashin: ƙarin kuɗin wata na tsarin da ke ba da 4K, ƙarin data, sabon dikoda ko na'urar faifai in tsohon bai kai ba, ƙarfen maƙalawa a bango wanda ramukansa suka dace da na bayan talabijin ɗin, na'urar kare shi daga hawa da saukar wuta, da sifika, domin siraran talabijin muryarsu ma siririya ce. Wuta ma akwai ƙari: girman allo da HDR duk suna ja. Takardar shaidar cin wuta ta Tarayyar Turai tun 2021 lamba biyu take nunawa, ɗaya ta kallon yau da kullum, ɗaya ta HDR. Mai amfani da batir ko sola ya duba wat ɗin da ke rubuce a bayansa.

Wayar HDMI kuwa kada a yi maka daɗin baki. Wadda aka rubuta wa Premium High Speed ta isa 4K a 60, Ultra High Speed ta isa 120. Mai bakin zinare da tsadar tsiya ba ta ƙara wa hoto komai. Saƙon ko ya iso ko bai iso ba.

In bayan wannan lissafin kuɗin ya gaza, shawarata ka rage inci kaɗan ka sayi allo mai kyau, ko ka nemi samfurin bara, wanda kan sauko in sababbi sun fito. Ka tambayi tsawon garanti, da ko ya haɗa da mataccen ɗigo, domin kamfanoni sun bambanta a kan wannan.

Mataki na 9: Ɗauko shi, ka saita shi

A tsaye ake ɗaukarsa cikin kwalinsa, ba a kwance ba, kuma mutum biyu ke fito da shi, ba mai danna yatsa a fuskar allon. In ka kunna ya tambaye ka gida ko shago, zaɓi gida.

Tun ranar farko, nemo bidiyon gwajin launi a YouTube, wanda ke cika allo da fari, baƙi, ja, kore da shuɗi ɗaya bayan ɗaya. Matso kusa ka bi allon da ido. Ɗigon da ya ƙi sauya launi matacce ne, ka ɗauki hotonsa ka koma da shi tun da zafinsa.

Sai saiti. Bar Vivid ko Dynamic, ka koma Cinema, Movie ko Filmmaker Mode. Da farko za ka ga kamar hoton ya yi ja-ja ya dushe. Ba shi kwana uku, idonka ne ya saba da shuɗin shago. Rage Sharpness sosai. Kashe santsin motsi in fim kake kallo, wanda LG ke kira TruMotion, Sony ke kira Motionflow, domin fim a hoto 24 cikin daƙiƙa ake ɗaukarsa, santsin kuma mayar da shi yake kamar bidiyon waya. In hoton ya yi duhu da yawa, duba saitin tsimin wuta, sau da yawa shi ne ke danne hasken.

*Hattara:* a talabijin da yawa ramin HDMI ba ya karɓar cikakken 4K mai HDR sai ka buɗe masa da kanka. Samsung na kiran wurin Input Signal Plus, LG na kiransa HDMI Deep Colour, Sony kuma Enhanced format. Ni kaina na yi wata huɗu ina yaba hoton na'urar da na jona, ina nuna wa baƙi, ashe ban buɗe wannan ba. Ranar da na buɗe, wata alama ta HDR ta ɓullo a kusurwar allo wadda ban taɓa gani ba, na rasa wanda zan gaya wa don kunya.

Daga ƙarshe ka tabbatar abin da ke iso maka 4K ne. A YouTube, shiga wurin zaɓen ingancin hoto ka ga ko akwai 2160p, ka zaɓe shi, ka bari ya yi minti goma ka ga ko zai tsaya yana juyi. In yana tsayawa, mayar da talabijin kan Wi-Fi mai 5GHz, ko ka ja masa wayar intanet kai tsaye daga na'urar Wi-Fi ɗin gidan. Kwalin kuma, da rasit da duk kumfar da ke ciki, ka ajiye su wuri mai kyau har wa'adin mayar da kaya ya wuce.